Takwarorin Hayatu a Ƙasar Garwa

Al'adar Hausawa da Fulani ce tun kaka da kakanni, idan haihuwa ta kwana bakwai, a taru da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, uba ya raɗa wa liman sunan da ya zaɓa, liman ya yi addu'a a shafa fatiha, sa'an nan sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da jama'a, a yanka rago, wanzami ya zo ya yi aski. Malamai suna karantar da cewa yana daga cikin haƙƙoƙin ɗa a kan mahaifinsa ya zaɓa masa kyakkyawan suna, kuma da yake mafi yawan iyaye daga sunayen Annabawa da Sahabbai da salihan bayi suke ɗiba, sai takwarori suka yawaita, har aka bukaci alkunya da laƙabi domin a rarrabe su, Abubakar ya zama Garba a Kano ya zama Buba a Adamawa, Umaru kuwa aka ce masa Sanda. Akwai wani suna da bai kai waɗannan yawa ba, amma wanda ya bi sawunsa a arewacin Kamaru zai ga tarihin ƙasar na shekara ɗari da arba'in ya bayyana a gabansa, watau Hayatu, wanda asalinsa kalmar Larabci ce mai ma'anar rayuwa, wasu kuma sukan cika shi su ce Hayatuddini.

Ƙasar da muke magana a kanta ita ce wadda Fulani suke kira Fombina, ma'ana kudu, wadda Modibbo Adama ya karɓo wa tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa mata hedkwata a Yola a 1841, har sunansa ya rinjayi na ƙasar aka koma ce mata Adamawa. A ƙarƙashin Lamidon Yola akwai lamidai da yawa, daga Marwa a arewa zuwa Ngaundare da Tibati a kudu, kuma Garwa tana daga cikinsu, zaune a bakin kogin Binuwai inda fatake Hausawa da Barebari suke yada zango, inda kuma daga baya jiragen ruwa suka riƙa isowa da damina idan kogi ya cika.

Na farko cikin takwarorin shi ne Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. A Sakkwato aka haife shi, cikin gidan ilmi da sarauta, ya yi karatu mai zurfi, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1870 ya bar gida ya nufo gabas, ya sauka Yola zamanin Lamido Sanda, aka karɓe shi da girmamawar da ta dace da jinin Shehu, daga bisani ya zarce arewa ya kafa zama a Balda, kusa da Marwa. Lokacin kuwa ƙarni na goma sha uku na Hijira yana gab da cika, zukatan jama'a cike suke da jiran bayyanar Mahadi, domin ko da yake Shehu ya faɗa a fili cewa shi ba Mahadi ba ne, almajiransa sun gāji tsammanin cewa zamanin ya kusa, kuma daga gabas al'amarin zai ɓullo. Saboda haka da labari ya iso cewa Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a 1881, sai Hayatu ya aika masa da wasiƙar mubaya'a, shi kuma ya mayar da amsa ya naɗa shi wakilinsa a kan ƙasashen yamma. Balda ta cika da jama'a, malamai da makiyaya da talakawan da suka gaji da zaluncin masu iko, kowa ya ɗauko iyalinsa ya yi hijira zuwa ga jikan Bello.

Sakkwato ba ta yarda da wannan da'awa ba, Yola ma haka, domin mubaya'a ga wani shugaba a bakin Nilu warware mubaya'ar Sarkin Musulmi ce. Da Zubairu ya hau gadon Yola a 1890 sai ya ɗaura yaƙi ya tasam ma Balda, aka gwabza, Hayatu ya rinjaya a fagen fama, amma garinsa ya ƙone, kuma wannan ne ya ƙara tura shi ga ƙawance da Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa. Rabeh ya aurar masa da 'yarsa Hauwa, ya girmama shi a zahiri, alhali iko duka yana hannun mai bindiga. Da malamin ya fahimci cewa mulkin da ya taimaka aka kafa ya yi nisa da adalcin da ya fito nema, sai ya yi niyyar ficewa daga Dikwa, Fadlallah ɗan Rabeh ya bi shi, aka kashe Hayatu a 1898, shekara biyu kafin Faransawa su kashe Rabeh kansa a Kusuri. Ibtila'in bai tsaya a kansa ba, domin ɗansa Malam Sa'idu, wanda ya tara jama'a a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, Turawan Ingila sun kama shi a 1923 suka kai shi gudun dole Buwea a kudancin Kamaru, kafin daga baya a mayar da shi Kano inda ya ƙare rayuwarsa.

Ba a daɗe da wafatin Hayatu ba duniyar da ya sani ta rushe. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Jamusawa suka ci Garwa a ƙarshen wannan shekara suka ci Marwa a farkon 1902, aka tsaga Fombina gida biyu, uwa tana Nijeriya, mafi yawan 'ya'yanta suna Kamaru. A 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Garwa daga hannun Jamus, ƙasar ta koma ƙarƙashin Faransawa. Tare da su wata baƙuwar al'ada ta shigo, wadda ta taɓa sha'anin suna kai tsaye. A da, mutum sunansa na yanka ne nasa, a jingina shi ga ubansa ko garinsu ko sana'arsa, in ya haihu kuma jinginar ta sauya. Rajistar Bature kuwa, ta makaranta da ta haihuwa da ta aikin gwamnati, tana son suna ɗaya tabbatacce da zai bi zuriyya, don haka sunan uba ya daskare ya zama sunan gida. Ta wannan hanya ce sunan Lamido Hayatu, wanda ya sarauci Garwa a zamanin Faransawa, kuma gidansa daban yake da na malamin Balda, ya zama tambarin 'ya'yansa, aka rubuta shi Hayatou bisa ƙa'idar rubutun Faransanci, duniya ta san su da shi.

Sadou Hayatou, wanda aka haifa a Garwa a 1942, ya bi tafarkin lissafin dukiya, ya yi karatun tattalin arziki a Faransa, ya shugabanci banki, ya riƙe ma'aikatar gona da ta tsare-tsare da ta kuɗi. A watan Afrilu na 1991, sa'ad da ƙasa take cikin tarzomar siyasa, 'yan adawa suna rufe kasuwanni da hanyoyi a birane, Shugaba Paul Biya ya farfaɗo da muƙamin firaminista wanda aka soke tun 1984, ya ɗora shi a kansa. Shi ne ya jagoranci zaman sulhu na ɓangarori uku da aka yi a Yawunde a ƙarshen wannan shekara, tsakanin gwamnati da jam'iyyu da wakilan al'umma, kuma ko da yake shekara ɗaya tak ya yi a kan kujerar, ya sauka a Afrilun 1992, aikin da aka ɗora masa na kashe wuta ne a lokacin da kowa yake tsoron ta cinye gari. Daga baya ya shugabanci reshen Kamaru na babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya rasu a Janeba a 2019.

Ƙanensa Issa Hayatou, haihuwar 1946, ya ɗauki wata hanya da ba a saba ganin ɗan sarki a kanta ba, domin ɗan tsere ne a ƙuruciyarsa, gwanin gudun mita 400 da 800, ya kuma koyar da motsa jiki kafin ya shiga hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru. A 1988 aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ya riƙe ta shekara 29. A zamaninsa gurbin Afirka a gasar cin kofin duniya ya tashi daga biyu zuwa biyar, ƙasashen da suke buga kofin Afirka suka ƙaru daga takwas zuwa sha shida, kuma a 2010 aka yi gasar duniya a ƙasar Afirka ta Kudu, karo na farko a nahiyar. Ya nemi shugabancin FIFA a 2002 Sepp Blatter ya kayar da shi, sa'an nan ya riƙe kujerar riƙon ƙwarya daga Oktoban 2015 zuwa Fabrairun 2016. Adalci ya wajabta a ambaci cewa an zarge shi da daɗewa a kan mulki, kuma kwamitin Olamfik na duniya ya tsawata masa a 2011 kan wasu kuɗi da aka ce ya karɓa daga wani kamfanin tallace-tallace. A 2017 a Addis Ababa Ahmad Ahmad na Madagaska ya kayar da shi. Ya rasu a Faris ran 8 ga Agusta 2024, saura kwana ɗaya ya cika shekara 78, aka kawo shi gida Garwa aka binne.

Ɗan'uwansu Alim Hayatou shi ne ya haɗa tsohon gado da sabon, domin ya daɗe yana ƙaramin ministan lafiya a Yawunde, kuma tun shekarar 2000 yake Lamidon Garwa, rawani a kai, takardun ofis a hannu, har Allah ya karɓi ransa a 2021.

Wanda ya jera waɗannan mutane zai ga yadda fagen shugabanci ya yi ta ƙaura a ƙasar Binuwai, daga tuta da allo zuwa fadar lamido a ƙarƙashin Bature, daga nan zuwa majalisar ministoci da banki, har zuwa filin wasa inda sunan ɗan Garwa ya kai ƙasashen da sunan Modibbo Adama bai taɓa kai wa ba. Zai kuma ga cewa suna bai hana kowanensu jarrabawa ba, malamin ya mutu a hannun surukansa, firaministan ya sauka bayan shekara guda, shugaban ƙwallo ya sha kaye a gaban takwarorinsa na nahiya. Haƙiƙa suna addu'a ce da uba yake yi wa ɗansa ran bakwai, kamar riga ce da ake ɗinka wa jariri da girma, sai aikinsa ne zai nuna ko ya cika ta.

Saboda haka kira nake yi ga iyaye, a Garwa da Yola da Kano da duk inda ake yanka ragon suna: idan kun raɗa wa yaro sunan wani magabaci, ku zaunar da shi in ya yi wayo ku gaya masa ko wane ne takwaransa, abin da ya yi daidai da inda ya yi kuskure, domin ya san nauyin abin da ake kiransa da shi safe da yamma. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sa masu amsa sunayensu su gāji alherinsu.