Zango a Hamadar Arizona: Tarihin Masu Zama Cikin Mota a Quartzsite

A yammacin jihar Arizona ta Amurka, inda babbar hanya mai lamba 10 ta haɗu da hanya mai lamba 95, akwai wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite, wanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mazaunansa na dindindin 2,413 ne kacal, amma duk lokacin hunturu dubun-dubatar baƙi kan yada zango a hamadar da ke kewaye da shi. Baƙin suna zuwa ne da motocin zama, wato motoci ko tireloli da aka shirya cikinsu da gado da madafa da bayan gida, kuma da yawansu sukan yi watanni a fili ba tare da wutar kamfani ko ruwan famfo ko magudanar ƙazanta ba. Masu wannan al'ada suna ɗaukar ta a matsayin kuɓuta daga birni da kuɗin haya da sa idon hukuma, sai dai tarihinta ya nuna cewa a kan ƙasar gwamnati ta ginu, kuma dokar gwamnati da samuwar ruwa ne suka shata mata iyaka tun daga farko.

Ruwa ne asalin garin kansa. Kafin zuwan Turawa, al'ummun Mohave da Quechan da Chemehuevi ne ke rayuwa a yankin kogin Colorado, kuma ƙasar ta shiga hannun Amurka ne a 1848 bayan yaƙinta da Meziko. A 1856 wani mai suna Charles Tyson ya gina ƙaramar ganuwa a wurin, daga baya rijiyoyin da ke ɗauke da sunansa suka zama matsayar kekunan doki masu jigilar fasinja da kaya tsakanin bakin kogin da garin Prescott. A wannan zamanin ne kuma sojojin Amurka suka gwada amfani da raƙuma wajen ratsa hamada, bayan da majalisar dokoki ta ware dala 30,000 a 1855, aka shigo da raƙuma fiye da 70 ta gaɓar Texas a 1856 da 1857. Daga cikin masu kula da su akwai Haji Ali, mutumin daular Usmaniyya, wanda ya ci gaba da zama a yankin bayan yaƙin basasa ya kawo ƙarshen shirin, ya kuma rasu a Quartzsite a 1902. An gina masa kabari mai siffar dala da ɗan mutum-mutumin raƙumi a bisansa, kuma har yanzu yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta.

Dalilin da ya sa ake samun filin zango kyauta ko da araha a wannan yanki yana komawa ga yadda aka raba ƙasa a Amurka. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili na shekara biyar damar mallakar eka 160, wata dokar ta 1877 kuma ta yi tayin filin hamada ga wanda zai iya yi masa ban ruwa, amma a wurin da ruwan sama na shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba, kaɗan ne suka karɓi tayin, saboda haka mafi yawan ƙasar ta tsaya a hannun gwamnatin tarayya. A 1946 aka haɗe tsohon ofishin rabon ƙasa da hukumar kiwo aka kafa Hukumar Kula da Filaye, wadda aka fi sani da BLM, wadda a yau take riƙe da kimanin eka miliyan 245, kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasar, sannan dokar 1976 ta tabbatar da cewa gwamnati za ta ci gaba da riƙe waɗannan filaye domin amfanin jama'a iri-iri, har da shaƙatawa. Ƙasar da manomi ya ƙi ita ce ta zama rabon mai mota.

Ita kuwa motar zama ta biyo bayan yaɗuwar mota mai araha, musamman ƙirar Model T ta kamfanin Ford da ta fito a 1908. A 1919 masu yawon kwana a mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a birnin Tampa na jihar Florida, a shekarun 1930 kuma Wally Byam ya fara ƙera tirelolin Airstream masu jikin alminiyam, sannan a 1966 kamfanin Winnebago ya fitar da motar zama mai injin kanta a farashin da ma'aikaci zai iya biya. Wani abin da ya taimaka shi ne tsarin fansho na ƙasa da aka kafa a 1935, domin ya samar da tsofaffi masu ɗan kuɗin wata da ba su ɗaure da wurin aiki ba. Waɗannan tsofaffi, daga jihohin arewa da Kanada, su ne suka mai da tafiya kudu a lokacin ƙanƙara al'ada ta shekara-shekara, kamar yadda masu cin rani kan bar gida bayan girbi su koma da faɗuwar damina, sai dai su gudun sanyi ne ya fito da su.

Abin da ya jawo su Quartzsite musamman shi ne kasuwar duwatsu masu daraja da ma'adinai da wata ƙungiyar raya garin ta fara shiryawa a 1967, wadda ta haifar da wasu kasuwannin gwanjo da na kayan mota a watannin Janairu da Fabrairu. Da taron ya yi yawa, shara da ƙazanta suka fara taruwa a hamada, sai hukumar BLM ta ɓullo da tsarin wuraren dogon zango a 1983, ciki har da La Posa mai faɗin kimanin eka 11,400 a kudancin garin. A can mutum yana iya zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu idan ya sayi takardar izini, wadda ta yi shekaru da dama tana kan dala 180, kuma kuɗin ya haɗa da ɗibar ruwa da zubar da shara da juye ƙazanta a wuraren da aka tanada. A sauran filayen hukumar zama kyauta ne, amma ba ya wuce kwana 14 a cikin 28, bayan haka dole mutum ya tashi ya yi nisa.

Rayuwar yau da kullum a zangon lissafi ce ta tankuna uku da ke ƙarƙashin motar: na ruwa mai tsabta, da na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Abin da na farkon ke ɗauka sau da yawa bai kai ruwan da iyali ɗaya a birnin Amurka ke kashewa a yini guda ba, don haka mai wanka yakan jiƙa jiki ya rufe famfo, ya shafa sabulu, sannan ya sake buɗewa ya ɗauraye, kwanuka kuma a goge su da takarda kafin ruwa ya taɓa su. Ranar da tankin ƙazanta ya cika, ko dai a naɗe rumfa a tuƙa motar gaba ɗaya zuwa wurin juyewa, ko a tsiyaye shi cikin wani ƙaramin tanki mai taya, galibi shuɗi, a ɗaura shi a bayan a-kori-kura a ja shi a hankali bisa tsakuwa zuwa layin masu jira. A da janareto ne tushen wuta, har hukuma ta ƙayyade sa'o'in dare da ba a kunna shi, amma faɗuwar farashin farantan sola da zuwan batirin litiyam sun sauya lamarin, firji da murhu kuma galibi da gas suke aiki.

Akwai wani salon zangon da ba shi da wannan tsari a Slab City, kusa da garin Niland na jihar Kalifoniya, inda sojojin ruwa suka kafa sansanin Dunlap a 1942, aka rushe gine-ginensa a shekarun 1950 aka bar daɓen siminti kawai. Babu kuɗin izini a can, babu kuma ruwa ko kwasar shara daga hukuma, kuma tarin bolar da ya daɗe yana addabar wurin ya nuna abin da tsarin 1983 ya kawar a La Posa.

Bayan rikicin tattalin arziki na 2008, wanda ya raba miliyoyin Amurkawa da gidajensu, wani sabon rukuni ya shigo hamadar: mutanen da ba su da wani gida sai motar, waɗanda a lokacin ke bin aikin wucin gadi a rumbunan kaya na Amazon da gonakin gwozar sukari da wuraren shaƙatawa. Bob Wells, wanda ya daɗe yana zaune cikin mota, ya kafa musu taron shekara-shekara a Quartzsite, inda ake koyar da haɗa sola da gyaran mota da rayuwa da ɗan kuɗi. Littafin Nomadland na Jessica Bruder, wanda ya fito a 2017, da fim ɗin da aka yi daga gare shi wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, sun sanar da duniya halinsu. Saboda haka fili ɗaya yake ɗauke da attajiri mai mota kamar bas da tsohuwar da fanshonta bai isa haya ba, kuma duk wani ƙarin kuɗin izini ko taƙaita kwanakin zama da hukuma za ta yi domin kare hamadar, inda sawun tankokin yaƙin da suka yi atisaye a shekarun 1940 bai ɓace ba har yau, zai fi nauyi a kan rukuni na biyu, domin idan zafin Yuli ya haura digiri 40 na farko gida yake komawa, na biyun kuwa wani filin gwamnati yake nema a kan tsaunuka.