Daga Ibnul Haisam Zuwa Leƙa Ƙwayoyin Halittar Ido

Ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba ake bikin Ranar Gani ta Duniya, kuma a majalisu irin na Gwammaja a Kano ba a rasa mai tayar da gardamar nan: na'urorin duba ido, wa ya kafa tushensu?

Masu cewa aikin Turawa ne zalla sukan kafa hujja da Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a Holan, wanda ya goge gilashi har ya hango ƙananan halittu cikin ɗigon ruwa a shekarun 1670. Ban raina masa ba. Amma gilashi komai kyansa ba ya nuna abin da ke cikin duhu, cikin ido kuwa duhu ne. Fiye da shekara 600 kafin shi, Ibnul Haisam ya nuna a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido a gani. A ganina nan asalin yake.

Ai ga shaida. A 1851 Helmholtz na Jamus ya tura haske cikin ido, ya tare shi yana dawowa, ya ga jijiyoyin bayan idon mutum mai rai. A 1911 Gullstrand na Suwidin ya fito da fitila mai siririn haske, wadda har yau majiyyaci ke ɗora haɓa a gabanta. A 1968 David Maurice ya ƙera na'urar da ke nuna ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bayan tantanin gaban ido mai kama da gilashi. Waɗannan idan suka mutu ba sa sake tsirowa; in sun yi ƙaranci sai idon ya yi hazo. Sai 1997, a Jami'ar Rochester ta Amurka, aka aro dabarar masu nazarin taurari, wato madubi mai lanƙwasa kansa yana gyara karkacewar haske, aka riƙa ganin ƙwayoyin gani ɗaya bayan ɗaya.

Mu a Kano, tun 1943 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin ido, wanda yanzu ake kira na ECWA. Abin takaici, har gobe akwai masu miƙa idonsu ga mai kwantar da yanar ido da tsinke. Jama'a, wanda ya haura arba'in ya je a auna masa ido, domin hawan jinin ido ba ya sallama, kuma ganin da ya cinye ba ya dawowa.