Ruwan Tiga da halin maƙwabci

Baffana yakan ce kafin ruwan Tiga ya iso Kura, mutum zai yi shekara arba'in yana noma bai san ainihin halin maƙwabcin gonarsa ba. Damina ta Allah ce, ba mai tare wa wani hadari. Masu lambu a bakin kogi kowa da jigonsa. Halin da maigida ke buƙatar sani na 'ya'yan gandunsa ne kawai, sai na samarin gayya, su ma makaɗi ne ke tona su, ya zuga mai zuciya, rago ya tsaya gyaran fartanya. Garin kansa a wancan zamani da rini aka fi saninsa, da turkuɗin da Buzaye ke saya.

Tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina madatsar Tiga. An yi gwajin noman rani a Kadawa da shawarar injiniyoyin ƙasar Holan, daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamar aikin. Aka baje gonaki a Kura da Bunkure da Garun Malam, aka sake yanka su, aka ja magudanai. Daga nan hanyar ruwa ɗaya ta haɗa mutanen da a da sallama ce kawai tsakaninsu. Na sama ya sha, na ƙasa ya jira.

Baffa ne manoman layinmu suka ɗora wa rabon ruwa, kuma a wurinsa na ga yadda ake karanta mutum kamar yadda ake karanta ƙasa. Mai gaggawa yakan ba shi ban ruwan asuba, ya gama ya tafi kafin ya tayar wa kowa hankali. Mai zafin rai ba ya ba shi aikin dare, don faɗan ruwa da dare yake tashi. Lodin kwandunan tumatir yake tura shi. Mai baki shi ke zuwa Kwanar Gafan ya fafata da dillalan tumatir. Tsinka kuwa sai mai sanyin hannu, wanda ba zai farfasa kaya ba. Ban taɓa jin ya ce wani hali ya fi wani ba.

Amma sau ɗaya karatun ya kuɓuce masa, kuma har ya rasu bai daina ba da labarin ba. Bayan gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kowa ya rungumi nomanta, ruwa ya yi daraja. A can ƙarshen layi akwai wani dattijo shiru-shiru, wanda ko gaisuwa a hankali yake amsawa. Masu surutu suna zuwa da ƙorafi ana ƙara musu lokaci, shi bai taɓa zuwa ba. Alkamarsa ta fara fidda kai, daidai lokacin da ƙishi ke kashe ta, ruwa bai kai gare shi ba. Wani dare ya ɗauki fartanya ya fasa bakin magudana, gonaki uku suka cika. Da safe mutane suka taru suna cewa ashe mugu ne. Baffa ya hana. Da muka keɓe ya ce min: "Ɗana, laifina ne. Na ɗauki shirunsa yarda ce, alhali kunya ce ta hana shi roƙon haƙƙinsa." Tun daga ranar, in ya fito zagaye, daga ƙarshen layi yake farawa.

Yau ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ne ke wannan aiki, waɗanda shirin TRIMING mai tallafin Bankin Duniya ya ƙarfafa. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai littafin kuɗin ruwa da ranar yashe magudana da cire kacala. Ina murna da tsarin. Abin da ke damuna shi ne a taro mai murya ake ji, ana tashi a ce kowa ya amince. A zamanmu na bara na ƙirga mutum huɗu daga ƙarshen layi da ba su ce uffan ba, ɗaya jikan wancan dattijo ne. Da aka watse na bi shi gonarsa, na tarar shinkafarsa ta fara naɗe ganye.