Masallacin Yama da sunan da ake ba gwaninta

A shekarar 1962 mutanen Yama, ƙauyen da ke ƙaramar hukumar Badagishiri a gundumar Illela ta jihar Tawa a Nijar, suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a. Ba su aika Yamai neman mai zanen gini ba. Sun damƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini na yankinsu. Gari ya yi gayya: wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na buga tubali, wasu na jido ruwa da itace. Abin da aka fara samu ɗaki ne mai faɗi, mai ginshiƙai da shimfiɗaɗɗen rufi, babu wani ado na a zo a gani.

Shekara goma sha uku bayan haka, a 1975, rufin ya buƙaci gyara, kuma a nan ne Falke Barmu ya nuna abin da ke cikin kansa. Ya ɗaure itatuwa dami-dami, ya lanƙwasa su, ya lulluɓe da ƙasa, ya fitar da baka tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, sannan ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga baya, zuwa 1982, ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Duk wanda ya tsaya ya dube su zai lura babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace tana tsukewa yayin da take hawa sama, amma kowace da nata hawa-hawan, da nata tagogi, da nata kan. Mai bin takardar zane ba zai yi haka ba. Wannan aikin mutum ne da yake tunani da hannunsa yana kan tsani.

A 1986, a birnin Marrakesh na Maroko, aka ba masallacin kyautar Aga Khan ta gine-gine. Daga nan hotunansa suka shiga mujallu da littattafan Turai da Amurka, kuma kalmar da masu Ingilishi suka riƙa liƙa masa ita ce “art”. A Yama kuwa sunansa bai canza ba: gini ne, mai shi magini ne, kuma gwani.

Kalmar nan ta Ingilishi ta sha yawo kafin ta iso nan. Ta shiga harshen ne ta hanyar tsohon Faransanci daga Latinanci “ars”, ma'anarta kuwa iya yin abu bisa ƙa'idar da aka koya. Maƙeri yana da tasa, mai magani yana da tasa, mai yaƙi ma haka. Jami'o'in Turai na dā suna kiran nahawu da lissafi da ilimin taurari da wannan suna, shi ya sa har gobe wanda ya karanta tarihi ko Hausa a Sakkwato ko Zariya yake fita da digirin B.A. ko da bai taɓa riƙe burushin fenti ba. Yaron sakandare a Illelar Najeriya, wadda ke kallon Birnin Ƙonni ta tsallaken iyaka, idan ya ce shi ɗan “art” ne, yana nufin ba ya ajin kimiyya, shi ke nan. Takwaransa na lise a Ƙonni zai ce yana seri A. Sau da yawa ma da ɗan sunkuyar da kai ake faɗa, don iyaye sun fi son likita.

Ƙuntatacciyar ma'anar, wato abin da ake yi don kyau kawai a rataye a bango, baƙuwa ce ko a can Turai. A 1746 wani malamin Faransa, Charles Batteux, ya wallafa littafin da ya ware kiɗa, waƙa, zane, sassaƙa da rawa a matsayin masu daɗaɗa rai, ya bar sauran sana'o'i a rukunin biyan buƙata. Gini da iya magana sai ya ajiye su a tsakiya, wai suna da amfani kuma suna da daɗi. Daga irin wannan rabo ne aka samu mutum biyu inda dā mutum ɗaya ne: “artiste” mai sa hannu a aikinsa, da “artisan” wanda ba a tambayar sunansa. Mulkin mallaka ya kawo rabon nan ƙasar Hausa, kuma ba sai an faɗi ɓangaren da aka jefa dukawa da maƙera da masaƙa da magina ba. Gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya yi abin kirki da ya ba masu sana'ar hannu wurin zama su yi aiki a gaban baƙi, amma da sunan “artisanat” suka zauna.

Bahaushe bai raba abin haka ba. Yana da sana'a, wadda ake gada kuma ake ci da ita, mai sarkinta: Sarkin Maƙera, Sarkin Magina. A cikin masu sana'a ɗaya kuma yana ware gwani. Wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a rabin farko na ƙarni na 19, Muhammadu Durugu, Babban Gwani aka kira shi, kuma sunan ya zauna har a kan unguwa. Ke nan ba a jira wani ya zo daga waje ya koya wa mutane bambance mai liƙa ƙasa da mai fitar da bakan gizo ba. Ita kuwa “fasaha”, da 'yan jarida suka fi ɗauka idan za su fassara kalmar Ingilishin, asalinta Larabci ne, tana nufin iya magana. A bakinmu ta faɗaɗa har ta kai ga mawaƙi da mai zane, sannan ta zarce zuwa “kimiyya da fasaha”, inda take nufin injuna da kwamfuta. Wasu na ganin wannan rikici ne. A ganina dacewa ce, domin kalmar Girkanci da Rumawa suka fassara da “ars” ita ce tushen sunan da Turawa ke kiran ilimin ƙere-ƙere da shi a yau.

Suna yana da tasiri a aljihu. Tun shekarun 1960 masana'antar Malbaza ke fitar da siminti daga dutsen yankin, kuma a hankali bulo da kwano suka zama alamar wanda ya samu. Ɗan ci-ranin da ya dawo daga Abijan ko Legas da ɗan abin hannunsa zai nemi mai aikin siminti, ba mai yaɓe ba. Ba a ga laifinsa: ginin ƙasa yana son a koma masa da yaɓe bayan damina, gayya kuwa ta yi wuya tunda samari sun watse neman kuɗi. Amma idan ana kiran abin da uba ya iya “aikin ƙauye”, ɗa ba zai tsaya koyo ba, kuma ɗaurin baka ba a koyonsa a takarda.

A Dandaji, wani ƙauyen na jihar Tawa, an kusa rasa tsohon masallacin ƙasa mai irin ginin Yama lokacin da gari ya buƙaci wanda ya fi shi girma. Mariam Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawarar a gyara tsohon a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Magina na gargajiya suka yi aiki tare da masu digiri, aka kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Tun kafin a gama, a 2017, tsarin ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya daga gidauniyar LafargeHolcim, wadda ɗaya daga cikin manyan kamfanonin siminti na duniya ya kafa.