Eksiton: Abin da ke faruwa a cikin ƙwan fitilar LED

Farin hasken fitilar LED da ke kan teburin mai shayi a Makarfi, da na tocilan masu ban-ruwan rake da tumatir a Kudan da Ikara, yana fitowa ne daga wani siririn shimfiɗi mai kaurin nanomita 2 zuwa 3. Nanomita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Masana fiziks na kiran shimfiɗin rijiyar kwantam. Ana yin ta da sinadarin indiyom-galiyom-naitiraid a tsakanin bango biyu na galiyom-naitiraid, ta yadda ƙwayar lantarki, wato ilektiron, idan ta faɗa ciki sai dai ta yi tafiya a kwance.

Duk ilektiron da ta bar mazauninta tana barin gurbi mai caji kishiyar nata. Idan su biyun suka ja juna suka riƙa tafiya tare, sunansu eksiton. Masanin Tarayyar Sobiyet, Yakov Frenkel, ne ya gabatar da wannan tunani a 1931. Da zarar ilektiron ta koma gurbin, sai haske ya fita.

Nisan da eksiton ke yi kafin hakan ya dogara da santsin bangon rijiyar, da zafi, da tsarkin sinadarin. A tsananin sanyi, kaushin bango ne ke tare shi, musamman a rijiya siririya.

A fitilar LED, rashin yin nisa alheri ne. Galiyom-naitiraid cike yake da tabo a tsarinsa, inda ƙarfin lantarki ke salwanta ya zama zafi. Sai dai indiyom ba ya bazuwa daidai, yana barin ƙananan kwaruruka da ke riƙe ilektiron da gurbi kafin su kai ga tabon. Masana da dama na ganin wannan ne sirrin hasken shuɗiyar LED, wadda ta jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Shuɗin ne ake shafa wa garin fosfo mai ruwan ɗorawa ya koma fari.

Zafi na rage hasken ƙwan, yana kuma gajarta kwanansa, shi ya sa ake ɗora shi a kan faranti na alminiyom.