Sirrin Yatsun Fiffiken Ungulu

Idan ungulu tana shawagi a saman mahauta, gashin ƙarshen fiffikenta a ware yake kamar yatsun hannu, kowanne ya ɗan tanƙwara sama. Haka shaho, haka mikiya. Amma albatros, tsuntsun teku da ya fi su cin dogon zango, fiffikensa siriri ne mai tsini. Wa ya yi daidai a cikinsu?

Tambayar ta daɗe tana yawo. Bajamushe Otto Lilienthal ya shafe shekaru yana nazarin tashin shamuwar Turai, har ya fitar da littafi a 1889. A 1897 Frederick Lanchester na Ingila ya yi rajistar dabarar kafa faranti a tsaye a bakin fiffiken jirgin sama, sai dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin gogayyar farantin da iska tana cinye ribar.

Ga inda matsalar take. Iskar ƙarƙashin fiffike ta fi ta samansa matsi, kuma wannan bambanci ne ke riƙe jirgi a sararin sama. To a bakin fiffiken sai iskar ƙasa ta zagayo sama, ta murɗe ta zama guguwa a bayan jirgin. Guguwar nan tana jan jirgi baya, injin kuwa da mai yake biyan diyya.

Sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973 aka waiwayi maganar da gaske. Richard Whitcomb na hukumar NASA a Amurka, wanda shawagin manyan tsuntsaye ya ja hankalinsa, ya gane kuskuren: faranti ba zai yi ba, ƙaramin fiffike ake buƙata, mai cikakkiyar siffa, a tsaye. Ya wallafa sakamakonsa a 1976. Gwajin da aka yi da jirgin soja KC-135 a 1979 zuwa 1980 ya nuna ƙarin nisan tafiya na kusan kashi 6.5 cikin 100.

Abin mamaki, injiniyoyi sun riga masana halittu kawo hujja. Sai a 1995 Vance Tucker na Jami'ar Duke ya wallafa gwajinsa: ya saka shaho cikin bututun gwajin iska, ya datse masa gashin bakin fiffike, jan bayan ya ƙaru. Ashe yatsun nan tarwatsa guguwar suke yi.

Albatros fa? Shi ma bai yi kuskure ba. Dogon fiffike ya fi rage guguwa, amma shi teku yake da ita, fili iya ganinsa. Ungulu daga ƙasa take tashi, tsakanin bishiyoyi. Jirgi ma a takure yake, tunda wurin tsayuwarsa a filin jirgin sama a aune yake. Shi ya sa Boeing 777X ke naɗe bakin fiffikensa idan ya sauka, faɗinsa ya ragu daga kusan mita 72 zuwa 65.