Littattafan David Brin: idan dabba ta yi hankali, wa ke da iko da ita?

A cikin ƙagaggun labaran kimiyya, wato irin waɗanda ake hasashen gobe a cikinsu, akwai jerin littattafai shida da ake kira "Uplift". Ma'anar kalmar ita ce ɗaukaka: a ɗauki dabba, a gyara ƙwayoyin halittarta zuriya bayan zuriya, har ta yi magana, ta yi tunani kamar mutum. Marubucinsu David Brin ne, Ba'amurke masanin ilimin sararin samaniya, an haife shi a 1950. Masu sauraro su lura, almara ce, ba labarin abin da ya faru ba.

Littattafan

Na farko, Sundiver, ya fito a 1980. Sai Startide Rising a 1983, wanda ya lashe kyaututtukan Hugo da Nebula, manyan lambobin yabo na wannan fanni. The Uplift War ya biyo baya a 1987, shi ma ya samu Hugo. Sauran ukun sun fito tsakanin 1995 da 1998. Masu karatun Faransanci za su samu na biyu da sunan Marée stellaire, na uku kuma Élévation.

Dokar da ke cikin labarin

A duniyar da Brin ya ƙaga, taurari cike suke da halittu masu hankali, kuma babu wadda ta yi wayo da kanta. Kowace al'umma wata ce ta tarar da ita tana dabba, ta ɗaukaka ta. Ladan wannan aiki kuwa mai nauyi ne: wadda aka ɗaukaka za ta yi wa ubangidanta bauta shekara 100,000, kuma yana da ikon sake mata siffa yadda ya ga dama.

To, sai ga ɗan Adam ya bayyana ba tare da ubangida ba. Manyan al'ummomin sama suna yi masa kallon maraya marar asali. Abin da ya cece shi daga bauta shi ne, kafin su same shi ya riga ya ɗaukaka dabbobi biyu: birin cimfanzi da dolfin, wata dabbar teku mai kama da kifi amma tana shayar da ƴaƴanta. Da haka shi ma ya shiga sahun iyayen gida, abin da ya ƙona wa da yawa rai.

Inda yaƙi ya shigo

A Startide Rising, wani kumbo mai suna Streaker, wanda yawancin ma'aikatansa dolfin ne har da kyaftin ɗinsu Creideiki, ya ci karo da tarin tsofaffin kumbuna da aka yasar tun zamanin da ba a iya tunawa. Labari na fita, sai rundunonin sama suka taso masa, kowa na son sirrin. Kumbon ya ɓuya a ƙarƙashin tekun wata duniya, Kithrup, maƙiya kuma suna ta kashe juna a samansa.

A The Uplift War, wasu halittu masu kama da tsuntsaye, Gubru, sun mamaye duniyar Garth. Suka saki iska mai guba da ta tilasta wa mutane miƙa kansu domin neman magani, a zatonsu birai ba za su iya komai ba in babu mutum. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Biran suka shiga daji da duwatsu suka yi ta yaƙin sunƙuru.

Tambayar da ke ƙarƙashi

Brin bai wanke ɗan Adam ba. Mutane ba su bautar da biran kamar yadda dokar sama ta ba su dama, amma wata hukuma ce ke yanke wanda zai haihu a cikinsu. Ana raba musu kati mai launi: mai farin kati ya haihu yadda ya so, wani kuwa sai da izini, wani a hana shi sam. Birin da ya iya tuƙa kumbo, ga shi ba ya da ta cewa kan zuriyarsa. Shin wanda ya ba ka ilimi ya mallake ka ke nan? Duk wanda ya san tarihin bauta da mulkin mallaka, inda aka riƙa cewa wai an zo wayar da kan mutane ne, zai gane wannan magana.

Ba Brin ne ya fara ba. H. G. Wells na Ingila ya rubuta The Island of Doctor Moreau a 1896, kan wani likita mai mayar da dabbobi kamar mutane ta hanyar fiɗa. Bafaranshe Pierre Boulle ya fitar da La Planète des singes a 1963, inda birai ke mulki, mutane kuma su ne dabbobi.

Ina gaskiya ta tsaya?

Har yau babu wanda ya sa dabba ta yi hankalin mutum. Amma gyaran halitta ya wuce mafarki. A 1996 aka haifi tunkiya Dolly a Sikotilan, wadda aka kwafo daga ƙwayar jikin wata tunkiya. A 2020 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka samu kyautar Nobel saboda dabarar CRISPR ta yanka da gyara ƙwayoyin gado.

Kotuna da majalisu ma sun fara motsi. A 2015 Faransa ta gyara dokarta, ta amince cewa dabba halitta ce mai rai da ke jin zafi da daɗi. A 2016 wata alƙaliya a Mendoza ta ƙasar Ajantina ta yanke cewa wata biranya mai suna Cecilia tana da haƙƙi a gaban shari'a, aka fid da ita daga gidan zu aka kai ta wurin kula da birai a Brazil. Cecilia ba ta iya magana ba, ba ta tuƙa kumbo ba, amma an saurari ƙararta.